Ɗaki ɗaya za ka ƙara? Rubuta kafin ka haƙa

'Yan uwa matasan Damargu, ku zaga unguwannin Tanut ko Belbeji ku ƙirga ɗakunan da suka tsaya a iyakar taga. Bulo ya yi baƙi, ƙarfe ya yi tsatsa, awaki sun mai da wurin makwanci. Ka tambayi mai gidan, amsa ɗaya ce: maso ya cinye kuɗin. Ka tambayi mason, shi ma amsarsa ɗaya: mai gida ne kuɗinsa ya ƙare. Ka ce su nuna maka takardar da suka yi yarjejeniya, sai kowa ya yi tsit.

Matsalar ke nan, kuma ba ƙaddara ba ce. Muna shiga gini ba lissafi, muna ɗaukar magini da baki kawai, sa'an nan in abu ya lalace mu ɗora wa ruwan sama ko mu kira talaka ɗan uwanmu ɓarawo. Haba jama'a!

Ku dubi daga inda kuɗin nan yake fitowa. Wani shekara biyu ya yi yana leburanci a Libiya ko Aljeriya. Wata tumakinta ta sayar a kasuwar Bakin Birji. Wani gero ya ɗebo daga rumbu don a ƙara ɗakin da za a sa amarya. Kuɗin gumi ne, amma ranar da za a kashe shi sai a ce "a fara dai, Allah zai kawo sauran." Wanda zai sayi waya ta jikka hamsin sai ya zaga shago uku yana taya, amma zai zuba miliyan a gini bai san buhun siminti nawa zai ci ba.

Daminar 2024 ta isa ta zama darasi. Fiye da mutum 300 suka rasu a Nijar, ambaliya ta shafi fiye da miliyan ɗaya, da yawa kuma gini ne ya faɗo musu. A farkon Satumba tsohon masallacin Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe, kowa ya ga bidiyon. Bayan haka, a watan Oktoba, gwamnati ta rage farashin siminti, tan ɗaya ya koma sefa 55,000 a Yamai, aka tsayar wa kowace jiha nata farashi. Tan ɗaya buhu 20 ne, wato buhu ya kama 2,750 a Yamai. To amma Tanut tana da nisan kusan kilomita 150 daga Damagaram, simintin Malbaza kuma ba da ƙafa yake zuwa ba. In ka yi lissafinka da farashin da ka ji a rediyo, ba ka sa kuɗin mota da na masu sauke kaya ba, tun ba ka haƙa harsashi ba ka riga ka yi giɓi.

Akwai abin da ɗan Yamai zai manta a lissafi a yafe masa, amma ɗan Damargu ba shi da uzuri: ruwa. A nan saye ake, bido-bido, a kan amalanke. Siminti kuwa sai an yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai, kuma sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Wanda bai ware kuɗin ruwa ba, shi ne zai ce a daina bayi a kwana na biyu. Shi ne kuma zai matsa wa mai buga bulo, buhun da ya kamata ya ba da talatin da 'yan kai a ja shi ya kai hamsin. Bulon da za ka murje da yatsa, shi za ka kwantar da 'ya'yanka a ƙarƙashinsa?

Wani zai ce, ai mason nan ɗan unguwa ne, ƙanen abokin babana ne, in na ce a rubuta zai ga kamar ban yarda da shi ba. Wannan kunyar ita ke raba zumunci daga baya, a gaban mai unguwa ko a jandarmari. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take magana. Takarda ba zargi ba ce, kuma magini ta fi karewa. Masu gini nawa ne suka gama aiki, suka shekara suna sintiri a ƙofar gida ana ce musu mai gida ba ya nan? Leburori nawa aka hana wa kuɗin yini don babu shaida?

Wani kuma zai ce mason bai iya karatu ba. To sai me? A rubuta da Hausa, ko boko ko ajami, a karanta masa a gaban shaidu biyu, ya dangwala yatsa, kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa.

Ga abin da ya kamata takardar ta ƙunsa. Tsawo da faɗin ɗakin, da zurfin harsashi. Yawan bulo ko tubali, siminti, ƙarfe, yashi, tsakuwa, tol, ƙofa da taga, da wanda zai sayo kowanne. Kuɗin ruwa da na dako. Kuɗin aiki a raba shi mataki-mataki: harsashi, tada bango, rufi, yaɓe, ba a biyan na gaba sai an ga na baya. A ajiye kashi goma na kuɗin aikin sai ruwan farko ya gwada rufin. Kai kuma mai gida ka ware kashi goma zuwa sha biyar na dukan lissafin don abin da ba a zata ba. Ka nemi lissafin magina uku, ka je da ƙafarka ka ga ginin da kowannensu ya yi wanda ya ci damina biyu. Mafi araha ba shi ne mafi sauƙi ba.

Tunda ƙari ne a kan tsohon gida, a kula da mahaɗar sabon bango da tsoho, nan ne tsaga take farawa. A san inda indararo zai zuba, kar ka ceci ɗakinka ka kada katangar maƙwabci. In kuɗin bai kai na siminti ba, ginin ƙasa ba abin kunya ba ne. Falke Barmu da laka ya gina masallacin Yama a jihar Tawa, har ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Tubali mai kyau a kan harsashi mai ƙarfi ya fi bulon da aka yi wa rowar siminti. Abin gudu shi ne shafa wa bangon laka siminti don burga, ruwa ya shige ta tsaga ya ci bangon daga ciki.

Ku kuma kantomomin Tanut, Tarka, Gangara, Olelewa da sauran ƙananan hukumomi, ba mu roƙe ku kuɗi ba. Ku liƙa farashin kayan gini a ƙofar ofis duk wata, ku tanadi takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da Hausa wadda kowa zai karɓa kyauta. Wannan bai kai kuɗin man mota na yini ɗaya ba.

Damina tana tafe. Ɗan uwa, 'yar uwa, in akwai mai shirin ƙara ɗaki a gidanku bana, ku zaunar da shi da biro da takarda kafin a sauke yashi. Tun ran gini, ran zane.