Dasa Bishiya Ba Wuya, Raya Ta Ne Aiki



Duk shekara idan damina ta kankama, wajen watan Yuli ko Agusta, akan raba mana dashen darbejiya da mangwaro da zogale. Mu haƙa rami, mu dasa, a tafa mana. To amma guda nawa ne suke kaiwa damina ta gaba? Mu a ganinmu, ba a dashen muke faɗuwa ba, a reno ne.

A nan Birnin Kudu da Gwaram ruwan sama yakan ɗauke a watan Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Yuni. Da an gama kaka ake sakin awaki, su kuwa ba sa barin ɗanyen ganye. Abin da ya tsira daga bakinsu sai bazara ta ƙarasa shi, domin a Afrilu zafi yakan haura digiri 40, ga shi lokacin yakan zo daidai da hutun zango na biyu.

Jigawa tana cikin jihohi 11 na Najeriya da ake aikin dasa itatuwa don tare hamada. Abin kunya ne a ce bishiya goma ta gagare mu a harabar makaranta.

Ga shawararmu. Kowane aji ya ɗauki bishiya biyu kacal, a rubuta sunan ajin a jikin kejinta. A kewaye su da ƙaya ko kara tun kafin a saki dabbobi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A riƙa ban ruwa da sassafe ko da yamma, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe. Ruwan alwala da ke malala a banza ya isa, a tare shi a bokiti. Lokacin hutu kuma ɗaliban da gidajensu ke kusa su yi karɓa-karɓa.

Muna kuma roƙon malamanmu da girmamawa: don Allah a daina mayar da ban ruwa horon masu makara. Yaron da aka yi wa horo da bishiya ba zai so ta ba.

Mu ne muke fama da zafin kwano a aji da tsakar rana, mu ne kuma muke rububin inuwa lokacin tara. Kada mu jira wani ya raya mana ita. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.