Gani Ya Kori Ji

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, mun ga samarin Birnin Zariya sun shiga ɗaukar labarin yaƙe-yaƙen addini na dā daga bakin waɗanda ba su taɓa jin ƙarar kibiya ba. Wannan abin tsoro ne, gama wanda bai ga yaƙi ba shi ne mai yi masa kirari. Shawararmu ita ce a koma ga littattafan waɗanda suka halarta.

A fara da yaƙin Musulmi da Faranjawa a ƙasar Sham. Usamatu ɗan Munƙizu, wanda ya rasu a 1188, ya gwabza da su tun yana saurayi, amma cikin Kitabul I'itibari bai ɓoye ba cewa yana da abokai cikinsu, har sukan ba shi wurin salla a gefen Masallacin Ƙudus. Fatake kuwa su nemi Rihlar Ibnu Jubairu. A 1184 ya bi ayari daga Dimashƙa zuwa Akka, ya ga rundunoni na faɗa, 'yan kasuwa na wucewa lafiya bayan sun biya fito.

Sa'an nan a dawo gida. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin Infaƙul Maisuri na 1812, ya ba da labarin nasarar Tafkin Kwatto ta 1804, ya kuma ba da na Tsuntsuwa, inda aka rasa mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Har wasiƙun Shehu Laminu na Barno, masu sukar jihadin, ya kawo su kafin ya amsa. Malam Abdullahi na Gwandu kuma, cikin Tazyinul Waraƙati, ya faɗi yadda son duniya ya shiga jama'a har ya bar rundunar ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsai da shi.

To, jama'a, in waɗannan bayin Allah ba su ɓoye hasara da hujjar abokin gaba ba, wane ne mu da za mu ɓoye wa 'ya'yanmu? Muna roƙon malaman Unguwar Juma da na Kona su sa waɗannan littattafai cikin karatun zaure. Attajirai kuma su saya su yi waƙafi. Yaron da ya ji Tsuntsuwa daga bakin malaminsa, mai zuga ba zai ja shi da sauƙi ba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.