Kanti da Aji: Matsayin Mai Koyon Kasuwanci a Ƙasar Daura

Gabatarwa

Yaron kanti a ƙasar Daura, in ya gama sakandare, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya zauna wurin ubangidansa ya ƙware a ciniki ba tare da takardar shaida ba, ko kuwa ya bar kanti ya tafi babbar makaranta, ya dawo da takarda amma ba jari, ba abokan ciniki. In ya nemi ya haɗa su, sai a ce masa taura biyu ba ta taunuwa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a fannin kasuwanci haɗawar ita ce daidai, muddin an yi mata tsari.

Makarantar Kasuwa

Tun kafin zuwan boko Bahaushe yana da tasa hanyar koyar da ciniki. Uba kan danƙa ɗansa ga attajiri. Yaro kan fara da shara da aike, sa'an nan a bar masa tsaron kanti, daga baya a ba shi kuɗi ya saro kaya. In an ga amanarsa, sai ubangida ya yaye shi da jari. Alal misali, wanda ya tashi a kasuwar Mai'aduwa, wadda ke ci ran Lahadi, ya san aikin dillali da la'adarsa, ya san canjin naira da sefa, ya kuma san lokacin cewa "albarka" da lokacin sallamawa. Babu ajin da zai koya masa waɗannan.

Sai dai wannan makaranta tana da iyakarta. Ba ta koyar da rubuta lissafi yadda banki zai amince, ko binciken bukatun masu saye a garin da mutum bai taɓa zuwa ba, ko tallata haja ta intanet. Da aka rufe kan iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, waɗanda ba su san wata hanya ba sai ta ƙetare sun ji jiki ƙwarai.

Makarantar Boko

Hukuma ta daɗe da gane cewa karatu ba aiki gurgu ne. A 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikata, watau ITF, shi kuma ya ɓullo da shirin SIWES a 1973 don tura ɗalibai sanin makamar aiki. Ɗalibin ƙaramar difloma kan yi wata huɗu a wurin aiki, ya kuma yi shekara guda kafin ya shiga babbar difloma. Amma duk da haka baƙo ne a wurin. Ba mai damƙa wa baƙo makullin kanti, saboda haka sau da yawa kallo ne rabonsa.

A Ingila an bi ta wata hanya dabam. Daga 2015 aka fara shirin digiri na koyon sana'a, har da fannin tallata haja. A nan ɗalibi cikakken ma'aikaci ne mai albashi, ba ya biyan kuɗin makaranta, kuma ana keɓe masa kamar yini guda a mako don karatu. Tun 2017 manyan kamfanoni ke biyan wani haraji na musamman don ɗaukar nauyin shirin. Mai karatu zai lura cewa wannan bai yi nisa da tsarin ubangida da yaronsa ba. Abin da aka ƙara shi ne aji da yarjejeniya a rubuce.

Halin da Masu Haɗawa ke Ciki

Samarin da ke haɗa kanti da karatu a Daura da Zango da Ɓaure da Sandamu, da ƙarfin kansu suke yi. Karatun ƙarshen mako kan yi karo da ranar kasuwa. Jarrabawa kan faɗo gab da salla, lokacin da ciniki ya fi kankama. Yaro ya wuni a tsaye, da dare ya buɗe littafi barci na fizgarsa. Ubangida na zargin da ya sami takarda zai tsere, malami kuwa na ɗaukarsa marar himma. Ta haka ne mai hazaƙa kan saki ɗaya, wani ma ya yi biyu babu.

Abin da ya Kamata

Yanzu Daura tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 2019, ga kuma Jami'ar Sufuri. Haka nan layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, an tsara ya ratsa ta Daura. Ciniki zai buɗe, kuma in 'yan ƙasa ba su shirya ba, wasu ne za su ci moriyarsa.

Don haka ya kyautu a yi abu uku. Na farko, a rubuta yarjejeniya tsakanin ubangida da yaro da makaranta a gaban shugabannin 'yan kasuwa, a bayyana ranakun karatu da ladan aiki. Na biyu, makaranta ta tsara darussa da la'akari da ranakun kasuwa. Na uku, a riƙa ba ɗalibi maki a kan aikin da ya yi a kanti, kamar lissafin riba da faɗuwa na wata uku.

Wani zai ce kantin Daura ba kamfanin Ingila ba ne, ina ya ga kuɗin makaranta? Gaskiya ne. Amma ubangida dama yana ciyar da yaro, yana kuma tanadin jarin yaye shi. Ana iya cire kuɗin karatu daga wannan jari, bisa sharaɗin yaro ya yi wasu shekaru yana aiki bayan gamawa.

Kammalawa

A taƙaice, kasuwa tana da ilmin da aji ba shi da shi, aji kuma yana da nasa. Hakkin makarantu da attajiran Daura ne su zauna su daidaita, don kada yaro ya ci gaba da zaɓe tsakanin abincinsa na yau da makomarsa ta gobe.