Binciken da aka yi a Zariya, da kumburin da ba hangum ba

Daga Kwanar Dangora zuwa Zariya ba wata doguwar tafiya ba ce, amma da wuya ka samu mutum a Kiru ko Bebeji da ya taɓa jin sunan Brian Greenwood. Bature ne ɗan Ingila, likita, wanda ya fara aiki a asibitin koyarwa na Ibadan a 1965, ya koma Zariya a 1970 lokacin da ake kafa sashen koyon likitanci na Jami'ar Ahmadu Bello, ya shekara goma a can. Abin da ya fi damunsa shi ne garkuwar jiki: me ya sa yaranmu ke faɗuwa ciwo bayan ciwo?

A 1972 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kama, garkuwar jikinsa kan yi sanyi, har allurar rigakafi ba ta kama shi yadda ya kamata. Wato zazzaɓin nan da muke rainawa, mu ce ai na damina ne, buɗe ƙofa yake yi wa wasu cututtukan.

Ɗaya daga cikinsu dajin yara ne da ake kira da sunan Denis Burkitt, likitan tiyatar da ya bayyana shi a Kampala a 1958. Yakan fito a muƙamuƙi ko kewayen ido ko cikin ciki, haƙora su fara girgiɗa, kuma asalinsa ƙwayoyin jini ne masu tsaron jiki suka kangare. A 1964 aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a cikinsa. To amma kusan kowa na ɗauke da wannan ƙwayar, har Turawa, sai ga dajin ya fi yawa a inda sauro ya yi katutu. Hilton Whittle, wanda shi ma ya yi aiki a Zariya, ya kawo wani ɓangare na amsar daga Gambiya a 1984: idan maleriya ta kama yaro, jiki kan kasa riƙe linzamin waccan ƙwayar.

A yankinmu kuwa, ga dam ɗin Tiga a Bebeji, ga fadamun shinkafa a Tudun Wada, ga Doguwa da damina ke daɗewa. Arzikinmu ne, ba mai musu, amma sauron ma da shi yake rayuwa.

Greenwood ya tafi Gambiya a 1980 ya shugabanci cibiyar bincike a can shekara goma sha biyar. A ƙarƙashinsa aka tabbatar cewa gidan sauro mai magani yana rage mutuwar yara. Yana kuma cikin waɗanda aikinsu ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2012 da bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya duk wata a lokacin damina. Maganin da masu bi gida-gida ke kawowa ke nan. Shi ne wasu iyaye ke ba yaro na ranar farko su ajiye sauran a kan langa, gidan sauron kuma a kewaye yayyafin tumatir da shi. Wannan sakaci ne, kuma talauci bai isa ya zama uzuri ba tunda kyauta ake rabawa.

Laifin gwamnati ya fi girma. Zariyar da ta haifar da irin wannan bincike yau tana kallon likitocinta suna kama hanyar Saudiyya da Ingila, kuma kuɗin maganin daji a aljihun manomi yake faɗawa.

Dajin Burkitt yana cikin mafiya saurin girma a jikin ɗan Adam, yana iya ninkawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai dai yana jin magani sosai idan an zo da wuri. Ana iya ɗaukar kumburinsa hangum ne, amma hangum yakan sauka cikin mako ɗaya zuwa biyu. Iyaye, idan kumburin fuskar yaro ya wuce haka yana ƙaruwa, kada a tsaya shafe-shafe, kada a kai wa wanzami ya tsaga. A nemi takardar turawa daga asibitin da ke kusa, a wuce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a makon.