Sabuwar Bitil Ba Bitil ɗin Babanka Ba Ce

A kasuwar motoci ta ƙasar nan, tambaya ɗaya ce ke yanke ciniki: in na gaji da ita, wa zai saya? Ita ta sa daga Sakkwato har Yola motocin da ke kan kwalta ba su wuce iri biyar ko shida ba. Corolla, Camry, Accord, Golf, sai 406 da ta ƙi mutuwa. Launin ma baƙi ne, ko toka-toka, ko ruwan azurfa. Shi ya sa duk ranar da wata 'yar dunƙulalliyar mota mai fitilu dara-dara ta gifta, rawaya ko koriya shar, har mai rake sai ya ɗaga kai ya bi ta da kallo. Kuma a cikin masu kallon akwai wanda zai kwana yana lissafin abin da ke asusunsa. Da shi nake magana a wannan makon.

Motocin da nake nufi su ne waɗanda aka ƙera a wannan zamani amma aka ba su siffar na da. A 1994 kamfanin Volkswagen ya kai wani samfuri bikin nunin motoci na Detroit a Amurka, wanda masu zanensa na Kalifoniya suka tsara da kamannin tsohuwar Bitil. Jama'a suka yi caa a kansa, a 1998 kuwa New Beetle ta shiga kasuwa, ana ƙera ta a Puebla ta ƙasar Meziko. Da sauran kamfanoni suka ga begen zamanin da ya wuce yana kawo kuɗi, sai kowa ya koma ya buɗe tsohon kundinsa. Chrysler ya fito da PT Cruiser a 2000. BMW ya farfaɗo da Mini a 2001, 'yar motar nan ta Ingila da Alec Issigonis ya zana aka fara sayarwa a 1959. Fiat ya dawo da 500 a 2007, shekara hamsin cif bayan ta asali. Japanawa ma sun riga kowa: Nissan Figaro ta fito tun 1991, guda 20,000 kacal, sai da aka yi ƙuri'a kafin mutum ya samu. Ita wannan a bar ta a hoto, domin duk sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa mun bar tuƙin hannun hagu tun 1972.

A cikinsu duka, Bitil ce kaɗai ke da tarihi da mu. A 1975, shekarar da Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen ya buɗe tasa masana'antar a Ojo ta Legas, daidai lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka cika aljihun ma'aikata. Manya suka hau 504. Malamin makaranta, akawu, malamin asibiti, ƙaramin jami'in gona, su kuma da yawansu da Bitil suka fara sanin daɗin mota. Duk wanda ya haura hamsin yana da kawu ko maƙwabcin da ya taɓa cusa shi a bayanta ranar Sallah, yana jin injin na tatata a bayan ƙeyarsa.

Me ya sa aka so ta? Ba don kyau ba. A wancan lokaci babu wanda ya ɗauke ta mai kyau, dariya ma ake mata. An so ta ne don ba ta da fitina. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, babu lagireto balle ya tafasa a hanyar Gashuwa. Babu na'urar kwamfuta, kafireto ne da fulogi huɗu da bel guda. Bakaniken ƙauye da sifana uku zai sauke injin ya mayar kafin la'asar. Wannan sauƙin kai ne ya sa aka ƙera sama da miliyan 21, har zuwa ta ƙarshe da ta fito daga Puebla a Yulin 2003.

To, kama da wane ba ta wane. New Beetle ba ta gaji ko ɗaya daga waɗannan halaye ba. In ka cire mata riga, Golf 4 ce. Injin a gaba, ruwa ke sanyaya shi, tayoyin gaba ke ja, ga ƙwaƙwalwa da wayoyi ko'ina. Abin da ya fi damuna da cinikin irin wannan mota shi ne mai saye yana biyan kuɗin siffa, zuciyarsa kuwa tana zaton ya sayi hali. Siffar ma ba kyauta ta zo ba. Don a sami wannan lanƙwasar, sai da aka matse injin Golf cikin ɗan hanci, rabinsa ya shige ƙarƙashin gilashin gaba. Aikin da bakanike zai gama cikin awa ɗaya a Golf, a nan sai ya kwance abu uku kafin hannunsa ya kai. Canza ƙwan fitila kaɗai sai an zaro fitilar gaba ɗaya. Kada ka ga laifinsa in ya ƙara maka kuɗin aiki, kuma kada ka ba ɗan koyo.

Cututtukanta sanannu ne, domin masu ita a Amurka da Turai sun sha su tun kafin ta iso mana. Abin da ke ɗaga gilashin ƙofa yana yawan karyewa, sai ka ji gilashi ya zurma ciki ana tsakiyar ruwan Agusta. Famfon ruwan injin yana da farfela ta roba wadda kan fashe in ta tsufa, injin ya ɗauki zafi ba tare da ka ga ɗigon ruwa a ƙasa ba. Mai injin 1.8 da turbo ta fi daɗin tuƙi, ita ce kuma ta fi rashin haƙuri: in aka saba zuba mata baƙin mai na gefen titi ko aka riƙa jinkirta juye, sai man ya daskare ya toshe hanyoyinsa, in tamin bel ɗinta ya tsinke ana cikin tafiya kuwa, aikin injin ne sukutum. Giyar otomatik ta kan fara fizga in ta yi zafi, don haka gwajin minti biyar da dillali zai yarda da shi bai isa ba, a yi tafiyar rabin awa a cikin cunkoso da esi a kunne. Sannan ga kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin injin, na alminiyam ne kuma yana kusa da ƙasa. A unguwar da kowane mai gida ya gina nasa tudun rage gudu da siminti gwargwadon fushinsa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Da ni zan zaɓa, mai injin 2.0 marar turbo da giyar hannu zan ɗauka, ko mai silinda biyar 2.5 da ta fito a Amurka daga 2006, wadda kaca ce ke juya ta a madadin bel. Kowacce ka saya mai bel, ka canza shi da famfon ruwa a makon farko, ko da mai sayarwa ya rantse jiya aka sa.

Amma kasancewarta Golf a ɓoye shi ne kuma babban rufin asirin mai ita a nan Arewa. Golf ta zama 'yar gida a tashoshinmu, kuma kayan Golf 4 da Bora suna nan a Ƙofar Ruwa ta Kano, da Panteka ta Kaduna, balle Ladipo ta Legas. Birki, kayan ƙafa, kayan injin, da yawansu ɗaya ne. Shawarata ita ce ka cire kayan da ya lalace ka kai kasuwa a leda, ka tambayi na Golf. In ka je da motar ka faka a ƙofar shago, farashi zai tashi kafin ka kashe injin.

Inda gizo ke saƙa shi ne bodi. Gilashin gaba, fitilu, bamba, madubin gefe, murfin da ke kan tayoyi, waɗannan nata ne ita kaɗai, babu Golf ɗin da za ta ara mata. Murafun tayoyin ma na roba ne, in ɗan Adaidaita ya goga ya tsaga, mai bugun bodi ba shi da abin bugawa, sai dai a liƙe ko a jira wata da aka yanka. Kafin ka biya kuɗin mota, ka fara tambayar kuɗin gilashin gabanta da kwana nawa zai yi kafin ya iso. Amsar da ka samu za ta gaya maka gaskiyar da dillali ba zai faɗa ba.

Sauran 'yan uwanta ba su da wannan gata. Mini ta fi su duka daɗi a hannu, tana shan kwana kamar an ɗora ta a kan layin dogo, amma BMW ce a wajen kashe kuɗi. Ta farko mai giyar otomatik irin ta CVT ta yi ƙaurin suna wajen mutuwar giya. Ta biyu, daga 2006, injinta na haɗin gwiwa ne da Peugeot, kuma an san shi da ƙarar kaca da shan baƙin mai. Da yawansu ba sa zuwa da safayar taya, ga su kuma sun fi son fetur mai daraja, mu kuwa iri ɗaya ake sayar mana a kowane gidan mai. Fiat 500 a ƙarƙashinta Panda ce da aka riƙa ƙerawa a Folan, mota ce mai sauƙin kai da ƙarancin shan mai, sai dai ina Panda ɗin take a Gusau da za ka ciri kayanta? PT Cruiser kuwa tana da ƙofa huɗu da fili, amma tana shan mai fiye da girmanta, abin da tun cire tallafi a Mayun 2023 ya daina zama abin wasa.

Sai maganar takardu. An daina ƙera New Beetle ta farko wajen 2010, wadda ta gaje ta mai ɗan shimfiɗaɗɗen rufi kuma ta tsaya a 2019. Jerin kayan da kwastam suka haramta ya haɗa da motar da ta wuce shekara 12 da ƙerawa, shigo da mota ta kan iyakar ƙasa ma an hana a farkon 2017. Saboda haka in wani ya nuna maka ta 2003 ya ce sabuwar sauka ce daga Beljiyam, ko dai ta daɗe a ƙasar an yi mata wanka da fenti, ko ta biyo hanyar da ba ta wuce gaban jami'i ba. A nemi takardar biyan kuɗin fito, a tabbatar da ita. A duba lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 a intanet, domin motocin Amurka da yawa daga gwanjon inshora suke, wasu haɗari suka yi, wasu ambaliya ta shanye. Motar da ruwa ya kwana a cikin wayoyinta ba ta warkewa. Shi kuwa dillali, waƙarsa ɗaya ce: "Alhaji, wata Hajiya ce ke hawanta, daga gida sai ofis." Ban san yawan Hajiyoyin nan ba, amma da alama duk motocin ƙasar nan nasu ne.

Ko ta fito lafiya lau, a tuna ƙofa biyu gare ta, kujeru huɗu. A gaba fili ne har ya yi yawa, mai doguwar hula ko mai gwaggwaro zai zauna bai taɓa rufi ba. A baya kuwa babba sai ya sunkuya, kansa na gogar gilashi. But ɗinta buhun masara ɗaya zai cika shi. Ka yi tunanin ranar da surukarka za ta ce ka kai ta gaisuwar rasuwa tare da ƙawayenta biyu, kana kwantar da kujera kana cewa, "Mama, a ɗan duƙa." Mai iyali da mota ɗaya zai iya riƙewa, wannan ba tasa ba ce, kuma babu wata dabara da za ta mai da ita tasa.

Duk da haka ban yarda da masu cewa sayen irin wannan mota wauta ba ce. Hujjarsu ita ce ba ta sayuwa, kuma gaskiya ne. A lokacin da naira ke narkewa, mutane sun mai da Corolla asusu, ka hau shekara uku ka sayar da abin da ya fi kuɗin da ka saya, a lissafin naira dai. Bitil ko Mini ba za ta yi maka haka ba, za ta yi watanni a gaban gida da galan a kan rufinta. Sai dai wannan raunin nata ne ke ba mai saye ƙarfi. Wanda ke sayarwa ya gaji, masu tayawa ba su da yawa, kai ke da wuƙa da nama. Ka taya ƙasa ƙwarai, ka ware kaso mai kauri na abin da ka rage don gyaran shekarar farko, ka ɗauka a ranka cewa kuɗin nan kashewa ka yi ba ajiya ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Muna kashe kuɗi a kan doki, da shadda, da waya, ba mai tambayar ribarsu. Ban ga dalilin da zai sa mota kaɗai a hana mutum ya so ta don tana faranta masa rai ba. Masu cewa motar mata ce kuwa, kamfanin ma ya ji wannan gorin, shi ya sa a ta 2011 ya rage ƙusumbin ya cire 'yar kwalbar furen da ke kusa da sitiyari. Bai hana a daina ƙera ta ba bayan shekara takwas, kuma a ganina ta mai kwalbar furen ta fi gaskiya.

Wanda ba zan ba shawarar ya saya ba shi ne mai neman motar mahaifinsa. Shi ya nemi tsohuwar ta gaske. Har yanzu akwai su jibge a bayan gidaje a tsofaffin unguwannin ma'aikata na Zariya da Jos da Kaduna, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ciki, magada ba su san abin da za su yi da su ba. Ana ci gaba da ƙera kayan injinta a ƙasashen waje saboda masu sha'awarta suna da yawa a duniya. Abin da zai fara dubawa shi ne tsatsa a daɓen ƙasa, musamman ƙarƙashin kujerar baya inda batir yake zama. Sannan ya nemi bakaniken da ya koyi aiki a kanta, ya kuma yi sauri, domin mafi ƙanƙantarsu yanzu ya ba sittin baya.