Wurno Ta Fi Rum Kusa

Ranar nan a ɗakin kwananmu wani aboki ya kwana yana ba mu labarin Italiya: tsofaffin ganuwoyin Rum, duwatsu masu ƙanƙara, da gaɓar teku. Bai taɓa zuwa ba, a waya ya gani. Da na tambaye shi inda aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sai ya ce Sakkwato. To, 'yan'uwana ɗalibai, wannan amsa ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin ba shi kaɗai zai ba da ita ba.

Bello a Wurno yake kwance, a ribaɗin da ya kafa bisa tudu mai kallon fadamar Gulbin Rima, inda ya rasu a 1837. Sarakunan Musulmi da dama bayansa a nan suka fi zama. Baturen nan Bajamushe, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, sai da ya ratso Sahara ya iso Wurno a 1853, zamanin Aliyu Babba, ya rubuta abin da ya gani. Mu kuwa da kuɗin mota kawai zai kai mu, ba mu je ba. Albasa da tafarnuwar garin muka sani, su ma a kasuwa.

Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, inda ya zama hakimi a 1934, ba ta bukatar dogon bayani.

Wanda ke kukan ba mu da teku, ya saurara. Masana duwatsu sun tabbatar da cewa shekaru miliyoyi da suka wuce ruwan teku ya rufe wannan yanki. A tsaunukan ƙasar Goronyo aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa, har masana daga Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972. Abin mamaki, mutanen ƙasar da abokina ke begen gani su ne suka zo tonon tamu! Yau ma akwai ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa a madatsar Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984.

Na san abin da za a ce: hanya ba lafiya. Gaskiya ne. Ba mu manta da harin 'yan bindiga a kasuwar Goronyo a 2021 ba, kuma ba na kiran kowa ya jefa ransa cikin haɗari. Amma tun hanya tana lafiya, wa ya je? Dattawan da suka riƙe tarihin waɗannan garuruwa a ka suna ƙarewa, wasu kuma rashin tsaro ya tashe su daga gidajensu.

Saboda haka ina roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta ware wani abu daga kuɗin bikin ƙarshen shekara. Idan jami'an tsaro sun yarda, a kai mu Wurno da safe mu dawo kafin la'asar. Idan ba su yarda ba, a ba 'yan asalin garuruwan nan uku littafi da na'urar ɗaukar magana, su zauna da kakanninsu a hutun nan mai zuwa.