Tsakuwa a Cikin Shinkafa: Tun Ran Gini, Tun Ran Zane

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tauna tsakuwa a cikin loma ya san cewa ba haƙori kaɗai ke shan wahalarta ba. Wadda ta yi girkin takan ji kunya, wanda ya sayar yakan rasa mai saye, garin da aka gyara shinkafar kuwa sunansa ne ke ɓaci. Shekara da shekaru ke nan matan gida suna zama da faifai suna tsintar shinkafa 'yar Hausa kafin su ɗora tukunya, har abin ya zama tamkar wani sharaɗi na girki. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan wahala tana da magani, kuma maganin yana hannun masu ƙananan injunan casar shinkafa na ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, domin hakkin ingancin duk abin da aka sarrafa yana wuyan mai masana'anta.

Halin da ake ciki

Waɗannan garuruwa uku suna cikin masarautar Gwandu a Jihar Kebbi. Jega tana bakin Gulbin Zamfara, a mahaɗar hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri, kuma kasuwarta ta yi suna tun cikin ƙarni na 19. Aliero, wadda aka fi sani da albasa, tana kan hanyar Sakkwato, Maiyama kuwa tana kan hanyar Yawuri. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi. A 2016 jihohin Legas da Kebbi suka fito da shinkafar Lake Rice, sa'an nan a 2017 aka buɗe babbar masana'antar WACOT a Argungu, ga kuma ta Labana a Birnin Kebbi. Watau mai ƙaramin inji ya wayi gari yana takara da manyan kamfanonin gida da kuma shinkafar waje.

Kariyar da gwamnati ta bayar kuwa ta zama kamar inuwar girgije. An rufe kan iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, aka sake buɗe su a watan Disamba na 2020. Haka nan hanin da Babban Banki ya yi a 2015 na sayar wa masu shigo da shinkafa kuɗin ƙasashen waje, an janye shi a watan Oktoba na 2023. Saboda haka babu wata garkuwa mai ɗorewa da ta rage wa mai ƙaramin inji sai kyan abin da ke cikin buhunsa.

Mene ne inganci?

A wajen masana harkar masana'antu, inganci shi ne kaya su dace da bukatar mai saye, kuma na yau su yi daidai da na jiya da na gobe. A 1924 wani Ba'amurke mai suna Walter Shewhart, wanda ke aiki a kamfanin ƙera kayan tarho, ya fito da dabarar auna samfuri a kai a kai ana rubutawa, domin a gane lokacin da aiki ya fara karkacewa tun kafin kaya su lalace. A 1950 W. Edwards Deming ya kai wannan ilmi ƙasar Japan, wadda a lokacin ake yi wa kayanta kallon na banza. Ya koya wa shugabannin kamfanoni cewa yawancin aibin kaya daga tsarin aiki yake fitowa, tsari kuwa shugaba ne ke shimfiɗa shi. Daga baya kamfanin motoci na Toyota ya bai wa kowane ma'aikaci ikon tsayar da aiki da zarar ya ga aibi. Jigon darasin dai shi ne abin da Bahaushe ya riga ya faɗa, tun ran gini, tun ran zane. Tsintar ƙarshe tana rage ɓarna, amma ba ta mayar da karyayyar ƙwaya cikakka.

Inda aibin ke shiga

In aka bi shinkafa daga fadama zuwa buhu, za a ga cewa kowane aibi yana da ƙofar da ya shigo. Tsakuwa da ƙasa suna shiga ne a wajen bugu da shanya, in an yi su a ƙasa ko a gefen titi ba tare da shimfiɗa ba. Karyewa tana da dalili biyu. Na farko, a haɗa iri mai doguwar ƙwaya, kamar Faro 44, da mai gajeruwa a zuba wa inji lokaci guda, alhali kowanne da irin saitin da yake bukata. Na biyu, a kuskure shanya. Masana sun ce laimar shanshera ya kamata ta sauko zuwa kusan kashi 14 cikin 100 kafin a kai ta inji. In ba ta bushe ba sai ta yi fumfuna a buhu, in kuwa ta sha rana fiye da kima sai ƙwayar ta tsage tun tana cikin ɓuntu. Wari da baƙin launi kuma daga wajen gumi suke zuwa, watau in an bar shanshera a ruwan sanyi kwana da kwanaki har ta yi tsami, ko kuma ta ƙasan tukunya ta ƙone. Jiƙo da ruwan zafi, da turarawa a kan marfi mai huda yadda tururi kaɗai zai ratsa ta, suna kawar da wannan.

Ashe ke nan yaron da ke zuba shanshera a inji ba shi ne mai laifi ba, ko da yake shi ne aka fi yi wa tsawa. Mai injin da ya karɓi duk abin da aka kawo masa ba tare da dubawa ba, shi ne ya buɗe ƙofar.

Abin da ya kamata a yi

Da farko dai, a kafa ma'auni a rubuce. Ƙungiyar masu inji ta kowane gari ta tsayar da abin da ake kira lamba ɗaya da lamba biyu, da yawan laima, da yawan karyayya a kowane kwano, da nauyin buhu. Na biyu, farashi ya bi lamba. Muddin manomin da ya shimfiɗa tamfol zai karɓi kuɗi daidai da wanda ya shanya a kan titi, to, babu wa'azin da zai sa ya sake wahalar da kansa. Na uku, a riƙa ɗibar samfuri daga kowane kaya, daga bakin buhu da tsakiyarsa da gindinsa, a rubuta sakamakon a littafi. Na huɗu, kowane buhu ya fita da sunan mai inji da garinsu da ranar gyara, domin wanda ya san za a iya dawo masa da kayansa ba ya sakaci.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A zamanin Daular Usmaniyya akwai muhtasibi mai duba mudu da hana algus a kasuwa. Kafin a rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986, ana tantance gyaɗa da auduga kafin a saye su, audugar ma lamba-lamba ake biyanta. Yau kuma ga Hukumar SON da aka kafa a 1971 da NAFDAC da aka kafa a 1993. Amma ma'aikacin hukuma ba zai kwana a kowane inji ba, don haka tsaron farko na mai sana'a ne.

Wani zai ce duk wannan sai mai hali, kuma talaka araha yake nema. Lalle akwai gaskiya a cikin wannan magana, don injin cire tsakuwa da na'urar auna laima suna da tsada ga mutum guda. Sai dai abin da ya gagari ɗaya ba ya gagarar goma, ana iya haɗa kuɗi a saya a riƙa biyan haya. Ban da haka, rashin inganci ma yana da nasa farashin, ko da ba a rubuta shi: karyayyar da ake sayarwa a wulaƙance, da buhun da ya yi fumfuna, da ɗan kasuwar da ya zo sau ɗaya bai sake dawowa ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a cikinsa, hanin ya shafi mai laifi da marar laifi. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 ita ma tana da nata rabon aikin. Ɗakunan gwajinta suna iya auna samfuri, ɗaliban Hausa na jami'o'in ƙasar nan kuma suna iya rubuta ƙa'idojin cikin Hausa, da boko da ajami, yadda mai gumi da mai inji za su karanta da kansu.

Kammalawa

A taƙaice, ruwa da fadama da ƙwazon manomi duk akwai su a ƙasar Jega da Aliero da Maiyama. Abin da ya rage shi ne masu inji su yarda a tsakaninsu a kan ma'auni guda, su biya mai kyau kuɗin mai kyau, su kuma sa sunayensu a kan abin da suka gyara. Ranar da mace a Ibadan ko Kano za ta buɗe buhun da aka rubuta wa Jega ta zuba a tukunya ba tare da ta nemi faifai ba, ranar ce shinkafar wannan yanki za ta daina jiran a rufe mata kan iyaka.